Suna Ya Daɗe, Ina Masu Sunan? Tsokaci Kan Ƙaunar Tsofaffin Ƙungiyoyin Makaɗa

Gaya gari ne na mashiga. Kogin Kwara, wanda Dandawa da Zabarmawa ke kira Isa Beri, shi ya raba shi da Malanbil ta ƙasar Benin, gadar da aka gina a 1958 kuma ta haɗa su. Daga gabas ga Kamba ta jihar Kabi a Najeriya. Shekara da shekaru kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano sukan hau jirgin ƙasa zuwa Paraku, daga nan manyan motoci su ɗauko su, su ƙetare gada, su nufi Doso da Yamai. Hanyar da gishiri da atamfa suka bi, ita faifan garmaho da kaset suka bi. Shi ya sa kunnen mutumin Gaya ya saba da kalangu da kotso na ƙasar Kabi da Sakkwato, ya saba da jitar Kwatano da Paraku, ya kuma saba da makaɗan zamani na Yamai.

A irin wannan gari ba a rasa dattijon da ya fara son wata ƙungiyar makaɗa tun yana saurayi, har furfura ta cika masa kai bai sake ra'ayi ba. Wannan ƙauna abu ce sananniya a duniya, tun daga masoyan kiɗan rok na Turai har zuwa masoyan makaɗan bakin kogi. Amma ba kasafai ake tsayawa a bincike ta ba. Idan mutum ya ce ya shekara 40 yana son ƙungiya kaza, alhali rabin waɗanda suka kafa ta suna kabari, mene ne ainihin abin da yake so? Kuma wane nauyi wannan so ya ɗora masa?

Jirgin da aka sake wa katako

Masana falsafar Girka sun bar wata tsohuwar tambaya game da jirgin ruwan wani jarumi mai suna Tesiyus, wanda mutanen Atina suka adana. Duk katakon da ya ruɓe sai a cire shi a sa sabo, har aka wayi gari babu ko guda na asali. Shin jirgin Tesiyus ne har yanzu, ko wani ne dabam? Basarken da ke kamun kifi a gaɓar Gaya ba ya buƙatar a fassara masa wannan magana. Jirgin da ya gada daga mahaifinsa ya sha gyara, an sake masa gindi, an sake masa gefe, amma in an tambaye shi zai ce jirgin babansa ne.

Ƙungiyar makaɗa da ta daɗe irin wannan jirgi ce. A Kwatano aka kafa Orchestre Poly-Rythmo a ƙarshen shekarun 1960, ƙarƙashin jagorancin Mélomé Clément. Sun haɗa jita mai lantarki da kiɗan gargajiyar kudancin Benin, suka naɗi ɗaruruwan waƙoƙi, da yawa daga ciki da sunan kamfanin Albarika Store. A farkon shekarun 1980 suka rasa gwanin jitarsu, Bernard Zoundegnon da ake wa laƙabi da Papillon, da mai gangarsu Léopold Yehouessi. Kasuwa ta mutu, aka daina jin ɗuriyarsu. A 2009 waɗanda suka rage suka fita rangadi a Turai, a 2011 suka fitar da sabon faifai. Shi kansa Mélomé Clément ya rasu a 2012, duk da haka a 2016 wani faifan ya sake fitowa da sunan ƙungiyar.

Haka labarin yake a Ingila. An kafa Rolling Stones a Landan a 1962. Brian Jones, wanda ya tara su tun farko, ya mutu a 1969. Bill Wyman ya bar su a 1993. Charlie Watts, da ya riƙe musu ganga shekara 58, ya mutu a 2021. A 2023 suka fitar da sabon faifai, kuma masoyansu ba su ce wata ƙungiya ce dabam ba.

Misalin Tal National ta Yamai ya fi waɗannan tsauri. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ma'aikacin shari'a kuma makaɗin jita, shi ya kafa ta a shekara ta 2000, ya tara Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Abzinawa a cikinta. Makaɗanta sun fi waɗanda ke hawa dandali a lokaci guda yawa, suna karɓar juna saboda tsawon wasa, har wani lokaci sukan rabu biyu su yi wasa a wuri biyu cikin dare ɗaya. To wanne ɓangare ne Tal National a wannan dare?

Idan aka ce suna ne ƙungiya, an yi kuskure, domin suna ana iya gadonsa, ana iya sayensa, waɗanda ba su taɓa zama da masu shi ba suna iya ɗaukarsa. Idan aka ce mutanen farko ne ƙungiya, to ta mutu tun ranar da na farkonsu ya faɗi, kuma masoya sun daɗe suna yaudarar kansu. Amsar da ta fi kusa da gaskiya tana cikin al'adar gidajen sana'a na ƙasar Hausa. Musa Ɗankwairo, da ya rasu a 1991, a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya buɗe ido da kiɗa, ya yi wa yayansa Kurna amshi kafin ya tsaya da ƙafarsa, ƴaƴansa kuma suka yi masa amshi kafin su ɗauki kotso a bayansa. Abin da ke wucewa daga hannu zuwa hannu a irin wannan gida shi ne salo: yadda ake shiga waƙa, inda ake dakatawa, yadda ganga ke amsa murya. Ba a koyonsa daga takarda, sai an zauna tare shekaru. Ƙungiya tana nan da ranta muddin sabon shiga ya zauna da tsoho har ya ɗauki hannunsa. Ranar da wannan sarƙa ta tsinke, abin da ya rage alama ce kawai a jikin kwali.

Daɗewa a matsayin hali

Tsufa kaɗai ba abin yabo ba ne, domin kuka ma takan shekara ɗaruruwa ba da wani ƙoƙari nata ba. Abin da ya sa daɗewar ƙungiya ta cancanci a dube ta da idon girma shi ne wuyar zaman tare. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutum shida ko goma, kowa gwani a fanninsa, kowa yana ganin ba don shi ba da wasan bai yi armashi ba, sai ga kuɗi sun shigo a raba, ga jama'a na kiran sunan mutum ɗaya. Ƙungiyoyi da yawa a nan suke wargajewa. Beatles, duk da sunan da suka yi, sun watse a 1970. Salif Keita ya bar Rail Band ta Bamako a 1973 ya koma Les Ambassadeurs. Mick Jagger da Keith Richards na Rolling Stones sun yi ta jifan juna da magana a jaridu a tsakiyar shekarun 1980, kafin su dawo aiki tare a 1989.

Saboda haka mai son tsohuwar ƙungiya, ko ya sani ko bai sani ba, yana yabon haƙuri ne tare da kiɗa. Yana yabon mutanen da suka ga aibin juna ƙuru-ƙuru, suka zaɓi ci gaba da aiki. Wannan darasi ne da ya shafi kowace ƙungiyar raya al'adu, domin abin da ke kashe ƙungiyar makaɗa shi ke kashe ta marubuta da ta masu wasan kwaikwayo: rabon kuɗi, neman shugabanci, da wanda za a ambata a rediyo.

Mai ja da wannan magana yana da hujja. Zai ce ba kowace daɗewa ce haƙuri ba. Wata kasuwanci ce, sunan ya zama jari, masu shi ba sa ga maciji da juna amma ba mai iya barin rijiyar da yake sha. Wata kuma inuwar ubangida ce. Bembeya Jazz ta Gini, da aka kafa a 1961, gwamnatin Seku Ture ce ta ɗauki nauyinta, kuma bayan rasuwarsa a 1984 ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A Nijar ma, bukin matasa na ƙasa da aka fara a 1976, zamanin Seyni Kunce, ya sa makaɗa da mawaƙan samariya sun bunƙasa a kowace jaha, amma da hannun hukuma ya janye, kaɗan ne suka iya tsayuwa da kansu.

Wannan hujja gaskiya ce, sai dai ba ta rushe maganar farko ba, ta dai tilasta a yi awo. Ana gane daɗewa mai daraja da alama biyu. Ta farko, ƙungiya tana ƙirƙiro sabon abu ko kuwa tana tauna tsohon ne kawai? Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, yaya take yi da ƙaraminta da tsohonta da wanda ciwo ya kwantar? Wannan ta biyun ita ke kai magana ga waɗanda ba a ambata.

Kura da shan bugu

A al'adar Hausa, sunan shugaba ƙungiya ke ɗauka. Ana cewa kiɗan Narambaɗa, kiɗan Ɗankwairo, kiɗan Shata. Mutum zai haddace waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, amma a ce ya faɗi sunan mutum biyu cikin masu kalangun da suka riƙe masa kiɗa, sai ya yi shiru. Alhali waƙar da ba amshi ba ganga, ko ta gwani ce, ba ta cika fili. Ƙungiyar zamani ta zo da wani tsari da ke kama da adalci, suna ɗaya da ba na kowa ba, kowa a ƙarƙashinsa. Amma idon jama'a bai sake hali ba, mai riƙe da makirfo yake nema.

Akwai labari mai ban tausayi a tarihin Rolling Stones. Ian Stewart, makaɗin fiyano, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. A 1963 manajansu Andrew Loog Oldham ya ga kamanninsa ba su dace da hoton samarin da yake son sayarwa ba, sai aka cire sunansa daga jerin membobi. Stewart bai yi fushi ya tafi ba. Ya ci gaba da tuƙa su zuwa wuraren wasa, yana shirya kayan kiɗa, yana buga fiyano a faya-fayansu, har mutuwarsa a 1985. Sai a 1989, da aka shigar da ƙungiyar zauren karramawa na kiɗan rok a Amurka, abokansa suka nemi a rubuta sunansa tare da nasu. Darryl Jones kuwa ya karɓi jitar bes bayan tafiyar Wyman, ya shafe shekaru sama da 30 yana wasa da su ba tare da an lasafta shi cikin membobi ba.

Idan haka ta faru a ƙasar da ake rubuta komai, yaya ke nan a ƙasar Dandi? A Paraku an yi wata ƙungiya mai suna Super Borgou, ƙarƙashin Moussa Mama, wadda a shekarun 1970 ta ɗora kiɗan Bargawa da na Dandawa a kan jita. Dandanci kuwa harshen tsofaffin unguwannin Gaya ne. Duk da wannan kusanci, ɗalibin sakandare a yau zai fi saurin kawo sunayen mawaƙan Amurka a kan ya kawo sunan mutum ɗaya daga cikinta.

Yabo shaida ce, kuma shaidar da ta ɗauki aikin mutum goma ta ba mutum ɗaya ba ta cika gaskiya ba. Masoyin da ya san sunan mai waƙa kaɗai, rabin so yake yi. Cikar ƙauna ita ce kunne ya koyi rarrabewa, ya san wannan hannun wane ne a kan ganga, ya gane ranar da aka sake shi.

Gwaninta da hali

Akwai wata tambaya da malaman makaranta suka fi kowa haɗuwa da ita. So hana ganin laifi, in ji masu iya magana. Yaron da ya ƙaunaci makaɗi yakan ɗauki askinsa da tafiyarsa, wani lokaci har da abin da yake sha. Tarihin kiɗan rok kuwa cike yake da abin da ba uban da zai so ɗansa ya kwaikwaya. A 1967 kotu a Ingila ta yanke wa Jagger da Richards hukunci kan ƙwayoyi, kafin ɗaukaka ƙara ta hana su zaman kurkuku, kuma Brian Jones yana da shekara 27 ya mutu bayan shaye-shaye sun raba shi da aikinsa. Shin ya halatta ga mai hankali ya yaba wa gwanin da halinsa ke da tabo?

Al'ummar Hausa ta daɗe da wata amsa, amma amsa ce mai zalunci. Ana son kiɗa, ana raina makaɗi. A kira shi ranar suna da ranar aure, a yi masa kari a bainar jama'a, amma in ya zo neman aure a gidan sai a tuna cewa maroƙi ne. An yanke wa mutum hukunci da sana'arsa tun ba a binciki halinsa ba. Matashin zamani kuma ya faɗa kishiyar wannan, ya wanke gwani daga kowane laifi saboda daɗin jitarsa. Kuskuren iri ɗaya ne a wurare biyun, an cakuɗa aikin mutum da halinsa.

Hanyar da ta dace ita ce a ba kowanne ma'auninsa. Yabon gwani ya zama dole a kan abin da ya gwanance, domin musun gwaninta ƙarya ce. Koyi kuwa sai da zaɓi. A rayuwar tsofaffin makaɗan nan akwai abin ɗauka da ba ya buƙatar a rufe ido: naci a kan atisaye, cika alkawarin wasa ko da mutum goma suka zo, da sauraren abokin aiki, domin ba a kiɗan taro sai kowa yana jin ɗan'uwansa. Shi Charlie Watts, a tsakiyar duk wannan hayaniya, da mace ɗaya ya zauna tun daga 1964 har mutuwarsa. Aikin malami shi ne ya nuna wa ɗalibi cewa mutum ɗaya yana iya zama abin koyi ta wata fuska, abin tsoron Allah ta wata, kuma gane haka ba ya rage daɗin waƙa.

Yaba kyauta tukuici

Sauran magana ita ce ta bashi. Wanda ya shekara 40 yana jin daɗin aikin wasu, me ya mayar musu? A nan tarihin yankin yana da abin kunya. Faya-fayan Poly-Rythmo sun kwanta cikin ƙura har sai da kamfanin Soundway na Ingila ya tattara wasu a 2004, sannan kamfanin Analog Africa na Jamus, na Samy Ben Redjeb, ya biyo baya a 2008 da 2009. Shi ne kuma ya sake fito da waƙoƙin Super Borgou a 2012. Makaɗan Tal National da kansu suka riƙa tallan faya-fayansu a titunan Yamai, kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da su ga duniya a 2013. Baƙin da suka yi wannan aiki sun cancanci godiya. Abin tambaya shi ne inda masu gida suke a lokacin.

Zuwan wayar salula ya ƙara dagula lissafi. Da kuɗi kaɗan ake cika wa mutum katin waya da waƙoƙi ɗari a bakin tasha, ko dala ba ta isa hannun wanda ya yi su. Nijar tana da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, tana da cibiyar horar da makaɗa ta CFPM mai ɗauke da sunan Alhaji Taya a Yamai, tana da gasar Ɗan Gurmu da aka ƙirƙiro a shekarun 1980. Amma hukuma ba ta iya tilasta wa zuciya ta ga cewa jin waƙa kyauta, alhali mai ita yana neman kuɗin magani, cin haƙƙi ne. Mutum zai rantse yana mutuwar son makaɗi, ranar jana'izarsa ya zubar da hawaye, amma bai taɓa biyan kuɗin shiga wasansa ba. Irin wannan so, kansa mai shi yake yi wa. Ƙuruciyarsa yake tunawa, makaɗin kuwa madubi ne kawai.

Biyan wannan bashi bai fi ƙarfin malamai da ƙungiyoyin al'adu ba. A kowane gari akwai tsofaffin da suka yi kiɗa a samariya ko a wata ƙungiya da ta watse. Ana iya aika ɗalibai su zauna da su, su naɗi muryarsu, su rubuta sunan kowane makaɗi da abin da yake bugawa da shekarun da ya yi. Ana iya gayyatar su bukin makaranta a biya su ladan gwani, ba sadakar tsoho ba. Ana iya sa yaro mai son jita ya zauna kusa da su har ya ɗauki hannu, domin ta haka kaɗai salo ke tsira.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe gadar Gaya, manyan motoci suka tsaya, jama'a suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. Wannan ya nuna cewa abin da siyasa ta haɗa, siyasa na iya raba shi dare ɗaya. Waƙar Dandanci da aka naɗa a Benin shekaru 50 da suka wuce kuwa ana fahimtarta a gaɓa biyun ba tare da tafinta ba, kuma mutanen Gaya sun fi kowa cancantar su riƙe ta.

Ƙaunar tsohuwar ƙungiya abu ne mai kyau, domin tana koya wa mutum tsayawa a kan abu guda a zamanin da komai ke saurin gushewa. Sai dai ba ta zama halin kirki sai ta wuce suna ta isa ga mutane, ta san su ɗaya bayan ɗaya, ta yabi aikinsu da gaskiya, ta bar musu kurakuransu, ta kuma miƙa musu haƙƙinsu tun suna da rai. Basarke ba ya barin jirgin gado a rana yana yabonsa da baki. Yakan duba inda ya fara yoyo ya toshe, kuma ya san sunan masassaƙin da ya sa kowane katako.